Kawuna Mai Kiɗan Tsohuwar Majami'a

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan kujerarsa ta ƙofar ɗaki, kofin koko a gefensa ko rabi bai sha ba. Inna, matarsa, tana tankaɗe a tsakar gida tana ba shi labarin tsadar gero. Ba ta damu da rashin amsa ba, don ya daɗe da daina ji. Sai da ta zo ɗaukar kofin ta ga hannunsa ya saki.

Ina wurin aiki a unguwar Kongo aka kira ni. Kafin in iso gidanmu na Tudun Wada layin ya cika. Maƙwabtanmu Musulmi sun riga sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mai shayin bakin layi ya kife kofunansa ya zo ya zauna. Matan majami'armu suna ta shigowa da kuloli, kowace ta ajiye ta nemi bango ta jingina. Tsofaffin mawaƙa da suka bar waƙa tun ina budurwa suka zo da sandunansu. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki zai ta da waƙa, muryar ta ƙi fita, ya rufe fuska da hularsa.

Mahaifiyata ce yayarsa, ita ta goye shi yana jariri. Da aka shigo da ita ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a kansa ta kama babban yatsan ƙafarsa ta girgiza, kamar mai ta da yaro zuwa makaranta.

“Ni ce babba,” in ji ta. “Wa ya ba ka izinin riga ni?”

Shi kuwa Alhaji, magini, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da namu, bai shigo ba. Ya zauna a kan dakalin zaure, carbi a hannu ba ya ja. Da Limamin majami'armu ya zo yi mana ta'aziyya, sai da ya gama da mu sannan ya fita ya durƙusa gaban Alhaji ya ce, “Baba, ya muka ji da haƙuri?” Ba wanda ya ga baƙon abu a nan. Duk unguwa ta san rashin nasa ne kamar yadda yake namu.

Cikin kwanakin zaman makoki ne wata yarinya daga cikin sababbin mawaƙa ta tambaye ni, ba da wata manufa ba, “Anti, wai tsohon nan da ke zama kusa da ogan, abin kiɗan nan, ashe ya taɓa kaɗawa?” Na ce mata ya taɓa. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar Talata. Mutumin da ya fi shekara hamsin yana ba jama'a murya, tun bai kwanta a kabari ba har an fara mance abin da yake. Dalilin wannan rubutu ke nan.

A hannunsa na tashi. Allah bai ba su haihuwa ba, shi da Inna, sai mahaifiyata ta ba su ni tun ban fi tsayin teburin ɗinkinsa ba. Tela ne, shagonsa a zaure yake. Yakan ce ƙafarsa ba ta san ranar hutu ba: Litinin zuwa Asabar tana taka keken ɗinki, Lahadi tana taka Gwaggo. Gwaggo ita ce ogan ɗin majami'armu, akwatin katako mai matakai biyu da ake takawa su hura mata iska kafin ta yi sauti. Ya sa mata wannan suna ne don wai da safe sai ta yi tari, kuma ba ta yin komai sai da lallashi.

Babbar majami'armu, inda kujerar Bishop take, gini biyu ne a fili ɗaya. Akwai sabo na siminti da kwano, mai doguwar hasumiya da tagogin gilashi masu launi. A bayansa, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, akwai na farko, na ƙasa. Wannan shi ne na Kawu. Mahaifin Alhaji ne ya gina shi, shi da yaransa, maginan cikin birni, Musulmi dukansu. Kakana yana cikin samarin da suka fara karɓar baftisma a nan, su suka riƙa kwaɓa ƙasa suna miƙa tubali. Kawu yakan ce Baturen mishan ya zo da zanen gini irin na ƙasarsu, maginin ya duba ya duba ya ce shi dai soro ya iya, in ana so ga shi. Aka ce ana so.

Bangon yana da kaurin da yaro zai kwanta a bakin taga ya yi barci, na kuma sha yi. A ciki bakan gizo ne suka taso daga ƙasa suka lanƙwasa suka haɗu a sama, azara jere a tsakaninsu kamar haƙarƙari. A waje ga zankwaye a kusurwoyi kamar gidan wani attajirin birni, sai dai gicciye a tsakiya. Bayan bagade, teburin sujada da ke can gaba, akwai zane da aka yi da yatsa tun yaɓe yana ɗanye, har yau ana ganin sawun yatsun. Ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji sanyi ya sauko maka a kafaɗa.

“Ƙasa riƙe murya take yi, ta sake ta a hankali,” in ji Kawu. “Siminti kuwa marinta yake yi ya dawo maka da ita.”

Gwaggo ta jirgin ƙasa ta zo, a ka aka ɗauko ta daga tasha. Wani tsohon malamin majami'a ya koya wa Kawu ita, da bulalar darbejiya a gefe. Bai taɓa iya karanta alamomin kiɗa sosai ba, kunne ne jarinsa. In ya ji waƙa sau ɗaya ta zauna.

Abin da ya fi damunsa a duniya shi ne a karya Hausa a cikin waƙa. Yawancin waƙoƙinmu karinsu daga ƙasar Turawa ya zo, aka ɗora musu kalmominmu, wani wuri su dace, wani wuri su yi karo. Akwai wani baiti da muke cewa mun zo gaban Ubangiji da kuka. Karin yana sauka a gaɓar ƙarshe, sai kalmar ta fito kamar ta itacen kuka. Ranar da ya lura ya ɗage hannuwansa daga kan ogan ya ɗago ya dube mu.

“To, madalla. Kun kawo wa Allah kuka. Saura daddawa a kaɗa miya.”

Muka yi ta dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Ya sa muka maimaita har rana ta faɗi, ya ɗan ɗage karin a wurin, kalmar ta koma hawaye. Haka ya bi waƙoƙi da yawa yana gyarawa, nan ya ja, nan ya sassauta. Zabura kuwa ya yi mata kari irin nasa, mai tafiya kamar magana, har tsofaffin da ba su iya karatu ba suka haddace. Da matasa suka nemi a shigo da kalangu da shantu, mutane sun zaci zai hana. Ya ce su zo da su, amma mai kalangu ya sani shi ma magana yake yi, kada ya faɗi wani abu dabam da abin da baki ke faɗa.

Yana da zafi, ba zan ɓoye ba. Ya sha korar mawaƙi a kan latti, ya sha sa mace kuka a kan ta ja murya inda ba a ja. Amma in aka tashi, a kan kekensa zai goya wanda ya kora har gida.

Wata shekara aka kawo gawar wani tsoho, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga kudu, wanda ya mutu a asibiti ba kowa nasa. Ranar aiki ce, ana kuma yayyafi. Kawu ya rufe shago, ya ce in sa takalmi. Muka bi ta Kwangila a jiƙe. A majami'a ba kowa sai Limamin wancan lokaci da masu ɗaukar akwati da mu. Limami ya matso ya ce a hankali, “Malam, baitin farko da na ƙarshe sun isa, ka ga ba jama'a.”

“Ranka ya daɗe, in Bishop ne a kwance, baiti nawa za a yi?”

“Duka mana.”

“To shi ma duka.”

Ya taka Gwaggo, ya dube ni. Ni kaɗai na rera waƙar daga farko har ƙarshe, ruwa yana zuba ta indararo. Da muka fito ya sayo mini gyaɗa ya ce na yi ƙoƙari, sai dai na haɗiye ƙarshen baiti na uku.

Shi da Alhaji kuwa tare suka yi wasan ƙasa. Kullum bayan la'asar Alhaji zai zauna a bakin shagon, Kawu yana ɗinki suna musu. Musunsu ɗaya ne ba ya ƙarewa: me ya sa waƙa take daɗi a tsohuwar majami'a? Alhaji ya ce rufin ubansa ne, Kawu ya ce yatsunsa ne. Rigar Sallar Alhaji Kawu ke ɗinkawa, shinkafar Kirsimetinmu gidan Alhaji take fara shiga. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, Alhaji yakan ɗauki yaransa su je su duba rufin, su toshe tsaga, su sake yaɓe, yadda mahaifinsa ya bar masa wasiyya.

Sau ɗaya suka ɓata, kuma Kawu ne da laifi.

Bayan an gama sabon gini jama'a suka koma can, inda ake da lasifika da abin kiɗa na lantarki. Tsohon aka bar wa sujadar Hausa ta sassafe. Sai aka fara maganar a rushe shi a sami filin ajiye motoci. Kawu ya tsorata. Ya shiga gaban dattawa ya fita, ya yi roƙo, ya yi faɗa, har ya samu aka yarda a bar shi, da sharaɗin a shafe shi da siminti ya yi kama da na zamani, a kuma huta da gyaran shekara-shekara. Ya dawo gida da murna ya gaya wa Alhaji. Ina zaure ina ɗaurin maɓalli, a kunnena aka yi.

“Kada ku yi,” in ji Alhaji. “Ƙasa numfashi take yi. In kuka rufe ta, ruwa zai shiga ta baya ya rasa hanyar fita.”

“In ba a yi ba rushewa za su yi. Ka fi so a rushe?”

“Na fi so a bar ni in ci gaba da abin da nake yi.”

“Kai dai aikinka kake karewa.” Kawu ya tsayar da keke. “Ina ma ruwanka da ɗakin da ba ka sujada a cikinsa?”

Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

“Ba na sujada a ciki, gaskiya ne. Amma yatsun da ke bayan bagadenku na ubana ne.”

Ya fita. Daga ranar bai sake zama a bakin shagon ba. Aka yi siminti. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, suna haɗuwa a layi kowa ya kau da kai. Rigar Sallar shekarar wani tela ya ɗinka. Inna da Hajiyar Alhaji suka ci gaba da miƙa wa juna kwano ta kan katanga, suna cewa su dai ba su ga ranar da tsofaffin nan za su yi hankali ba. Kawu ya rame. Da la'asar sai in ga ya ɗaga kai ya dubi bencin da Alhaji ke zama, ya mai da kai kan ɗinki.

A damina ta uku, cikin watan Agusta, bangon gabas ya zube. Simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, ƙasar da ke ciki ta zama kunu. Allah ya sa ba kowa a ciki. Gwaggo tana kusa da wurin, laka ta rufe ta har rabi. Muka je da safe muka tarar da Kawu ya durƙusa yana kwashe laka da hannu, yana kuka kamar yaro, yana cewa, “Ni na yi. Ni na kashe shi.” Waɗanda dā ma suke son fili suka fara cewa to ai magana ta ƙare.

Ba wanda ya aika wa Alhaji. Rana ba ta yi tsaka ba sai ga shi da 'ya'yansa da jaki ɗauke da kayan aiki. Bai dubi Kawu ba. Ya zagaya ginin yana ƙwanƙwasa bango da dunƙulen hannu, ya ɗaga kai ya dubi bakan gizo.

“Ƙashin bayan lafiya lau yake,” ya ce wa 'ya'yansa. “A tokare nan da nan. A ɓare wannan abin duka.”

Kawu ya taso, laka har gwiwar hannu, ya tsaya a gabansa. “Alhaji, bakina ya yi mini laifi.”

“Ya daɗe yana yi. Matsa, kana tsaye a kan igiya.”

Da rani aka ta da bangon. Na ji wasu a unguwa sun yi wa Alhaji magana, wai me ya kai dattijo irinsa gyaran coci. Ya ce musu gadon gidansu yake gyarawa, wanda yake da ja ya je ya tambayi mahaifinsa. Ita kuma Gwaggo, Kawu ya kwance ta gaba ɗaya a tsakar gidanmu, ya shanya kayan cikinta a kan tabarmi, ya ɗinka mata sabuwar jakar iska da fatar da ya sayo a birni. Ranar Ista ta sake magana. Alhaji yana zaune a waje ƙarƙashin darbejiya, wai ya zo duba indararo ne. Da aka tashi ya ce wa Kawu, “Ka ji rufi ko?” Kawu ya ce, “Na ji yatsu.”

Kunnen Kawu ya fara tafiya ne a hankali. Da farko sai a yi masa magana sau biyu. Daga baya ya fara jan kiɗa, mu mu gama layi shi yana tsakiya. Ba wanda ya iya gaya masa. Jama'ar sassafe tsofaffi ne da suka girma da kiɗansa, sai suka koyi jiransa. In ya ja su ja, in ya tsaya su tsaya. Aka daɗe a haka.

Wata Lahadi ya ɓata lissafin baiti. Mun gama waƙa, Limami ya ɗaga hannu zai yi addu'a, Kawu ya shiga wani baitin shi kaɗai. Majami'a ta yi tsit, sai Gwaggo. Ya kai tsakiya kafin ya ɗaga ido ya ga bakunanmu a rufe. Na ga lokacin da ya gane. Ƙafafunsa suka tsaya, iskar ta fita, sautin ya mutu a hankali. Ya rufe murfin da hannu biyu, ya zauna ya haɗa hannuwa a cinya har aka tashi.

A hanya, cikin keke mai ƙafa uku, ya ce, “Tun yaushe?”

Na kai bakina kusa da kunnensa na ce, “An ɗan jima, Kawu.”

“Kuna ta jirana ke nan.”

“E.”

Ya juya yana kallon titi. Daga ranar bai sake taɓa Gwaggo da niyyar kiɗa ba. Ɗaya daga cikin ɗalibansa ya karɓa. Shi kuma ya sa aka ajiye masa kujera a gefen ogan, yakan ɗora tafin hannunsa a jikin katakon, yana jin rawar sautin a fatarsa. In ɗalibin ya yi sauri sai ya ɗan bubbuga katakon da yatsa. A haka sababbin yara suka san shi, wani tsoho mai dafa akwati.

A sabon gini aka yi masa sujadar jana'iza saboda yawan jama'a. Bishop da kansa ya yi wa'azi. Aka rera Zabura da karinsa, ba a taɓa abin kiɗa ko ɗaya ba. Alhaji ya bi mu har maƙabarta, ya tsaya daga gefe, da aka fara mai da ƙasa ya karɓi shebur daga hannun wani saurayi. Allah ya ba Kawu hutawa, ya sa mu sake ganinsa a inda kunne ba ya mutuwa.

Lahadin da ta biyo bayan makoki Inna ta ce in kai ta sujadar sassafe. Muka zauna a wurinta na kullum, ɓangaren mata, can baya kusa da ƙofa. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka watse. Ita ba ta tashi ba. Tana kallon bencin ogan.

“Kin san wani abu?” in ji ta. “Tun da aka kawo ni gidansa, ƙeyarsa kawai nake gani a ɗakin nan. Ke da kike cikin mawaƙa kina ganinsa ta gaba. Yaya fuskarsa take in yana kiɗa?”

Na ce yakan lumshe ido, leɓunansa suna motsi, in aka zo wurin da yake so sai ya ɗage gira. Ta gyaɗa kai. Sai na kama hannunta na kai ta gaba na zaunar da ita a kan bencin. A saman ogan akwai wani ɗan madubin babur da ya ɗaure da waya tun da daɗewa, wai don ya riƙa ganin shigowar Limami. Na ce ta duba ciki. Ta duba. Ba hanyar shigowar Limami yake nunawa ba. Ƙofar mata ce, da ƙarshen bencin da muka taso.

“Inna, mu mawaƙa duk mun sani,” na ce. “Ba ya fara waƙar farko sai ya ga kin zauna. In kin makara sai ya yi ta buɗe littafi yana rufewa, Limami yana harararsa.”

Ta daɗe tana kallon madubin. Ta sa gefen mayafinta ta goge ƙurar da ke kansa.

“Shi ya sa yake mini faɗan latti,” in ji ta. “Mutumin nan. Ai da sai ya faɗa.”

Sannan ta kifa goshinta a kan murfin, ni kuma na tsaya a bayanta ina riƙe da jakarta, har mai shara ya zo ya gan mu ya koma.